Sifili, Gudu da Haƙori: Yadda Ake Fara Rubuta wa Ƙaramin Injin CNC Umarni

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Panteka ta Kaduna ya kalli mai aiki da injin milin na hannu ya riga ya ga rabin karatun nan. Ana ɗaure ƙarfe a kan teburi, bakin yanka yana juyawa daga sama, mai aikin kuma yana murɗa hannuwa uku: ɗaya na hagu da dama, ɗaya na gaba da baya, ɗaya na sama da ƙasa. Injin CNC shi ne wannan injin, sai dai an cire hannuwan an sa motocin lantarki uku a gurbinsu, kwamfuta kuma tana faɗa wa kowace mota iya juyin da za ta yi. Tun a 1952 aka nuna irinsa a jami'ar MIT ta Amurka, a lokacin da ake rubuta umarnin a kan tef mai huji-huji. Yau ƙaraminsa bai fi a ɗora shi a kan bencin shago ba.

Abin da aka cire tare da hannuwan nan shi ne ido. Injin bai san inda katakonka yake ba, bai san kaurin bakin da ka ɗaura masa ba, bai san akwai ƙarfen ɗauri a kan hanyarsa ba. Lambobi kawai ya sani, su ma daga wani wuri da kai ka ce masa nan ne sifili. Shi ya sa yawancin bakunan da sabon hannu ke karyawa ba rubutun umarni ne ke karya su ba. Sifili ne da ba a saita daidai ba, ko gudun da ba a lissafa ba, ko kayan da ba a ɗaure da kyau ba.

Bayanin nan zai tsaya ne a kan ƙaramin injin da aka fi samu, wanda ake kira 3018. Sunan daga filin aikinsa ya fito: milimita 300 a faɗi, 180 gaba da baya, sai kimanin 45 sama da ƙasa. Allon da ke tuƙa shi yana ɗauke da manhajar GRBL, wadda ke aiki a kan guntun ATmega328P, irin na Arduino Uno. Waɗanda suka fi shi girma, kamar 6040, galibi Mach3 ko LinuxCNC ke tuƙa su, manyan na masana'anta kuma Fanuc ko Siemens. Yaren dai kusan ɗaya ne, G-kod, bambancin kamar na Kananci da Sakkwatanci ne. Wanda ya iya na GRBL ba zai ɓata a gaban sauran ba.

Manhaja uku ke tsakanin tunaninka da bakin yanka. Akwai ta zane, akwai wadda ke mayar da zanen ya zama hanyar da baki zai bi, irin su Fusion 360, FreeCAD ko Estlcam, sai kuma mai aika umarnin layi-layi ta wayar USB, kamar Candle ko Universal Gcode Sender. Shawara mafi amfani ga mai farawa ita ce ya ajiye biyun farko a gefe na mako guda, ya riƙe mai aikawa kawai, ya rubuta umarni da hannunsa. Wanda bai taɓa rubuta layi ashirin da kansa ba, ranar da manhaja ta fitar masa da layi dubu ashirin mai kuskure ɗaya, ba zai san inda zai duba ba.

Tabbatar da injin yana faɗin gaskiya

Haɗa injin, ka zaɓi gudun sadarwa 115200, ka rubuta $$ a akwatin umarni. Zai zubo maka duk saitinsa. Kwafe su ka adana a fayil kafin ka taɓa komai.

Sai alƙibla. X mai ƙari dama ne, Y mai ƙari nesa da kai, Z mai ƙari sama. Abin da ke rikita mutane shi ne ana lissafin ne da tafiyar bakin a kan kayan aiki, ba da tafiyar teburi ba. A 3018 teburin ne ke motsi a layin Y, don haka idan ka ce Y ya ƙaru, teburin zai taho wajenka, kuma hakan shi ne daidai. Idan wani layi ya juya baya, saitin $3 ke gyara shi: 1 na juya X, 2 na juya Y, 4 na juya Z, kana iya haɗa su, wato 3 na juya X da Y tare. Wanda ya bar wannan a karkace zai sassaƙa sunan mai shago ya fito kamar a madubi.

Motocin nan motocin taku ne. Kowane taku digiri 1.8, wato taku 200 a zagaye guda. Allon yana raba kowane taku gida 16, ya zama 3200. Dogon sukurun da ke jan teburin a yawancin 3018 yana tafiyar milimita 4 a kowane zagaye, saboda haka 3200 a raba da 4 ya ba da 800. Wannan ita ce lambar da ya kamata ka gani a $100, $101 da $102. Da sukurun mai tafiyar milimita 8 ne, da 400 za ka gani. Gwada shi: ka sa alama, ka umarci X ya tafi milimita 100, ka auna da baniya, wato ma'aunin milimita mai zamewa. Idan ka sami 50 ko 200, lissafin rabon taku ko na sukurun ne ba daidai ba, sai ka ninka ko ka raba lambar. Amma idan ka sami 99.2, kada ka yi saurin sauya 800 ɗin. Sukuru ba ya ƙarya da kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Duba kofla, wato ƙarfen da ya haɗa sandar mota da sukurun, domin ƙananan kusoshinsa suna kwancewa. Duba kuma notin da ke kan sukurun, ko yana da wasa. Sauya lamba don rufe laifin ƙarfe yana gyara tsawo ɗaya ne ya ɓata sauran.

Sifili biyu

Nan ne ya kamata a daɗe. Injin yana da sifili nasa na gida, aikin kuma yana da nasa. Na gida ana samun sa ne da umarnin $H: injin ya tafi a hankali har ya taɓa makunnan iyaka da ke ƙarshen kowane layi, ya ce nan ne mafarina. Sai an kunna $22=1 wannan ke aiki, kuma sai akwai makunnan. Da yawa daga cikin 3018 masu araha ba sa zuwa da su. A irin wannan injin, duk inda baki yake a lokacin da aka kunna wuta, nan ne gida, gobe kuma wani wuri ne daban.

Sifilin aiki kai ke zaɓa, galibi kusurwar hagu ta kusa da kai, a saman kayan. Ka matsa da baki har tsakiyarsa ta tsaya a wurin, sannan ka rubuta G10 L20 P1 X0 Y0. Ma'anarsa, a tsarin farko, wanda ake kira G54, nan ne sifili. GRBL na ajiye wannan a ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke. Akwai wani umarnin, G92, da shi ma ke saita sifili amma na wucin gadi ne, yana tafiya da wutar. Wasu manhajojin aikawa G92 suke turawa idan ka danna maɓallin sifili, don haka ka leƙa akwatin umarni ka ga wanne taka take turawa. Rubuta $# ka ga lambobin G54, ka kwafe su a takarda ka manna a jikin bencin.

Sifilin Z ya fi kowanne hatsari domin shi ne ke nutsa baki cikin teburi. Hanya mafi sauƙi ita ce ta takarda. Farar takardar A4 kaurinta kusan milimita 0.1 ne. Shimfiɗa ta a kan kayan, ka sauko da baki da matakin milimita 1 har ya kusa, ka koma matakin 0.1, kana ja da takardar gaba da baya har ka ji baki ya fara kama ta. A nan ka rubuta G10 L20 P1 Z0.1. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa matakin yana kan 10 a danna ƙasa. Duba lambar matakin kafin kowace dannawa, ko da ka duba yanzu-yanzu. Mai farantin taɓawa kuma zai maƙala waya ɗaya a baki, ya aika G38.2 Z-10 F50, injin ya sauko har ya taɓa farantin ya tsaya, sai ya ba Z kaurin farantin. In ka manta maƙala wayar, injin ba zai ji taɓawar ba, zai ci gaba da dannawa.

Aikin farko

A ce ana son yanko faranti mai tsawon milimita 60 da faɗin 40 daga allon MDF, wato katakon da aka matse daga garin itace, mai kaurin 6, kusurwoyinsa huɗu a lanƙwashe da rabin faɗin da'ira 5. Bakin da za a yi amfani da shi mai faɗin milimita 4 ne, haƙora biyu. Lura, kolet ɗin da ke zuwa da injin, wato maƙalin da ke riƙe baki, samfurin ER11, yawanci na milimita 3.175 ne, wato kashi ɗaya cikin takwas na inci. Bakin milimita 4 na buƙatar kolet nasa, na milimita 3 ma haka. Kuma kolet sai an fara danna shi cikin notinsa ya yi ƙas, sannan a ɗaura notin a sifindil, wato sandar da ke juya baki, sannan a zura baki. Wanda ya zura kolet cikin sifindil kai tsaye ya ɗaure noti a kansa, bakin zai juya a karkace.

Injin tsakiyar baki yake tuƙawa, ba gefensa ba. Idan ka umarce shi ya bi layin farantin daidai, zai cinye milimita 2 daga kowane gefe, ka tashi da 56 da 36. Dole hanyar ta fita waje da rabin faɗin baki. Don haka X zai tashi daga -2 zuwa 62, Y daga -2 zuwa 42, lanƙwasar 5 kuma ta zama 7. Tunda baki zai shiga ɓangaren ragi, sa sifilinka aƙalla milimita 10 cikin allon, ba a bakin gefensa ba. Ga zagayen farko:

G21 G90 G17 G54
G0 Z5.0
M3 S10000
G4 P2
G0 X-2.0 Y5.0
G1 Z-1.0 F120
G1 Y35.0 F600
G2 X5.0 Y42.0 I7.0 J0
G1 X55.0
G2 X62.0 Y35.0 I0 J-7.0
G1 Y5.0
G2 X55.0 Y-2.0 I-7.0 J0
G1 X5.0
G2 X-2.0 Y5.0 I0 J7.0
G0 Z5.0
M5
M30

Layin farko shi ne shimfiɗa. G21 na nufin milimita, kishiyarsa G20 inci ne, kuma wanda ya rikita su zai ga tafiyar 10 ta zama 254. G90 na nufin kowace lamba daga sifili ake ƙirga ta, kishiyarsa G91 daga inda baki yake tsaye. G17 na cewa da'irori a kwance za a zana su, a filin X da Y. Waɗannan umarnai masu ɗorewa ne, suna nan har sai an sauya su, ko da wani fayil ne ya bar su a haka. Shi ya sa ake rubuta su a kan kowane fayil, ba a dogara da abin da aka bari jiya.

G0 gudu ne a iska, iya saurin injin, ba a yanka da shi. G1 tafiya ce miƙaƙƙiya da saurin da F ya faɗa, milimita a minti. M3 na kunna sifindil ya juya irin juyin agogo, M5 na kashe shi, G4 P2 na jiran daƙiƙa biyu ya kai cikakken gudu kafin ya taɓa kaya, M30 kuma na nuna ƙarshen fayil. Game da S, duba $30. A injuna da yawa an bar shi a 1000, ma'ana S1000 shi ne cikakken gudu, S500 rabi. Sa $30 ya dace da ainihin gudun motarka domin lambobin su yi ma'ana.

G2 lanƙwasa ce ta juyin agogo, G3 akasinta. X da Y su ne inda za a ƙare, I da J kuma su ne nisan tsakiyar da'irar daga inda aka fara lanƙwasar, ba daga sifili ba. A lanƙwasa ta farko baki yana X-2 Y35, tsakiyar tana X5 Y35, tazarar 7 ce a X, babu komai a Y, shi ne I7 J0. Idan lissafin bai haɗu ba, wato nisan tsakiya daga mafari bai yi daidai da nisanta daga inda za a ƙare ba, GRBL zai tsaya da error:33. Idan ka rubuta G1 ba ka taɓa ba shi F ba, error:22 za ka gani. Ka saba da sa ɗigo a lambobi tun yanzu, domin a wasu manyan injuna irin na Fanuc, X10 babu ɗigo ana iya karanta shi a matsayin 0.010.

Akwai wani tarko da ya shafi masu rubutu da Hausa musamman. Ana iya sa bayani cikin baka biyu a layin umarni don tunatar da kai, injin ba ya aiki da shi. Amma GRBL 1.1 yana da wasu alamomi na gaggawa da yake cafkewa nan take duk inda suka fito: alamar motsin rai tana dakatar da tafiya, wasu lambobin da suka haura 127 kuma suna sauya gudu. Haruffanmu masu ƙugiya, idan kwamfuta ta rubuta su, suna ɗauke da irin waɗannan lambobi. Harafin ɗ yana ƙunshe da lambar da ke rage gudun G0 zuwa kashi 25 cikin ɗari, ɓ kuma da wadda ke ƙara saurin yanka da kashi ɗaya. Manhajoji da yawa suna share bayanin kafin su aika, amma ba duka ba. A cikin fayil ɗin umarni, rubuta k, d da b marasa ƙugiya, ka guji alamomin motsin rai da na tambaya.

Kada ka yanka tukuna. Aika $C, ka tura fayil ɗin, GRBL zai karanta shi duka ba tare da motsi ba, ya nuna maka duk layin da bai gane ba, sai ka sake aika $C ka fita. Bayan nan yanka iska: ɗaga sifilin Z milimita 15 sama da allon, ka bar shi ya zagaya kana kallo, yatsanka a kan maɓallin dakatarwa. A nan ne za ka ga ko zai bi ta kan ƙarfen ɗauri. Z5 tsayin tsira ne kawai idan babu abin da ya fi milimita 5 tsawo a hanyar.

Zagayen gaba ɗaya milimita 204 ne, 160 miƙaƙƙe da 44 na lanƙwasa, kusan daƙiƙa 20 ke nan a F600. Don ratsa allon, maimaita layukan daga nutsawa zuwa lanƙwasa ta ƙarshe da Z-2, Z-3, har zuwa Z-6.2. Ƙarin 0.2 ɗin yana shiga allon shimfiɗa da ka ɗaure a ƙasa, wanda aikinsa ke nan, ya sha yanka a madadin teburin alminiyam. A zagayen ƙarshe farantin zai rabu da uwarsa, in ba a riƙe shi ba baki zai fizge shi ya ci gefensa ko ya karye. Ko dai ka bar 'yan gadoji biyu ko uku, wato ka ɗaga baki milimita 1 na ɗan tsawon 8 a zagayen ƙarshe ka yanke su da wuƙa daga baya, ko ka yi dabarar tef: manna tef ɗin takarda a allon shimfiɗa, wani a bayan kayan, ka ɗiga sufa gulu tsakanin tef da tef ka danne. Yana riƙewa sosai, kuma yana ɓarewa ba tabo.

Daga ina 600 ta fito

Lissafi biyu ne. Na farko: saurin tafiya daidai yake da juyi a minti, sau yawan haƙora, sau abin da kowane haƙori zai gutsura. Juyi 10,000, haƙora 2, gutsure 0.03, ya ba da 600. Na biyu shi ne na zaɓen juyin: kowane abu yana da saurin da gefen baki ya kamata ya goge shi da shi, mita a minti. A ninka wannan da 1000, a raba da faɗin baki sau 3.14. Baƙin ƙarfe mai taushi da bakin HSS, wato na ƙarfe mai jure gudu, yana son kimanin mita 25, wato bakin milimita 6 ya juya kusan sau 1300 a minti. Motar 775 da ke juya sifindil a 3018 ba ta da ƙarfin kirki a wannan ƙaramin gudu, jikin injin ma ba shi da tsaurin da zai jure. Saboda haka batun yanka baƙin ƙarfe da shi a bar shi. Katako, MDF, akirilik, allon lantarki, da alminiyam ko tagulla a hankali, nan ne gonarsa.

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, to a wannan sana'ar tana ƙona baki. Sabon hannu idan ya tsorata sai ya rage F zuwa 100 ya bar juyi a 10,000. Kowane haƙori sai ya sami 0.005, wanda bai kai ya gutsura ba, gogawa kawai yake. Zafin da ya kamata ya fita da ɓarɓashi sai ya zauna a baki. Katako ya yi baƙi, akirilik ya narke ya naɗe baki, baki ya dakushe. Idan injin na kuka ko rawa, zurfi ake ragewa, ba sauri ba: daga 1 a koma 0.5. Ka kalli abin da ke fitowa. Ɓarɓashi mai ɗan jiki alama ce ta lafiya, gari mai laushi kamar toka alama ce ta gogawa. MDF shi kam ƙura yake bayarwa ko yaya, kuma ƙurarsa na ɗauke da gam, sai da takunkumi da tabarau.

Ga akirilik da alminiyam, baki mai haƙori ɗaya ya fi, domin yana da filin fitar da ɓarɓashi. A alminiyam da bakin kabaid, wanda ya fi HSS tauri, na 3.175, juyi 10,000 na ba da kusan mita 100 a minti, wanda ya yi daidai. Fara da F200 zuwa 250 da zurfin 0.1 zuwa 0.2. Alminiyam ma iri-iri ne. Samfurin 6061 yana yankuwa tsaf. Na firam ɗin taga ya fi taushi da danƙo, wanda aka narka aka zuba irin na tukwane kuma yana iya zuwa da ramuka da yashi a ciki. Ɗigon kananzir da buroshi na hana shi manne wa baki, amma ɗigo kawai, domin motar 775 mai gawayi ce, tana tartsatsi, kuma jiƙa allon MDF na kumbura shi.

Tsawon bakin da ya leƙo daga kolet ma lissafi ne. Idan ka ninka tsawon sau biyu, lanƙwasawarsa na ƙaruwa sau takwas. Zura shi ciki iya yadda aikin zai bari. Nutsawa kai tsaye kuma ta fi tafiyar gefe wahala ga baki, shi ya sa F120 a layin nutsawa.

Abin da Kaduna ke ƙarawa

Motar taku ba ta kawo rahoto. Idan aka ce ta yi taku 800 ta yi 760 saboda nauyi, kwamfuta na ci gaba da ɗauka an yi 800, duk abin da ya biyo baya sai ya goce. Alamarsa ita ce zagaye na huɗu bai hau kan na uku ba, bango ya yi matakala. Ban da zurfi da ya yi yawa, zafi na jawo haka. Ƙananan direbobin A4988 da ke kan allon GRBL, masu tuƙa motocin taku, suna kashe kansu na ɗan lokaci idan sun yi zafi sosai, kuma a watan Maris da Afrilu, a shagon kwano, ba su da nisa da wannan iyaka. Fankar allon ta kasance tana aiki, a kuma share mata ƙura. Idan tsallen na faruwa ne a lokacin G0, rage iyakar gudu a $110 da $111, ko hanzarin tashi a $120 da $121.

Da hunturu, ƙura na haɗuwa da giris a kan sukuru ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin notin tagulla har wasa ya shigo, da'ira ta fara fitowa kamar ƙwai. Goge sukurun da sandunan da ƙyalle bayan kowane aiki, ka sa mai marar kauri kaɗan, ka rufe injin. Da damina allon shimfiɗa ke shan danshi ya kumbura, sai rubutun da ka sassaƙa ya yi zurfi a gefe ɗaya ya ɓace a ɗayan. Maganinsa a bi saman allon duka da faffaɗan baki a zurfin 0.2 ko 0.3 har ya daidaita da tafiyar injin.

Sai wuta. Injin nan ba ya ci da yawa, abin ba shi wuta yawanci bolt 24 ne da amfiya 5, wat 120 ke nan, ƙaramar inbata ko UPS na ɗaukarsa. Ko ƙiftawar canji daga layin gari zuwa janareto ta isa ta sake kunna allon, aikin awa biyu ya tsaya a tsakiya. Ba a fafe gora ranar tafiya: makunnan iyaka uku da saita G54 da G10 su ne ke ba ka damar dawowa. Idan wuta ta dawo, ɗaga baki daga cikin yankan, ka yi $H, sifilin aikinka na nan inda yake. Buɗe fayil, ka nemi farkon zagayen da aka tsaya a ciki, ka goge abin da ya gabace shi amma ka bar layukan shimfiɗa, da ɗaga Z, da M3, sannan tafiya zuwa X da Y, sannan nutsawa. A hana kwamfutar yin barci a saitinta. Idan kuma sadarwa na yankewa daidai lokacin da sifindil ya tashi, hayaniyar lantarkin motar ce ke shiga wayar USB: gajeriyar waya mai rufin kariya, nesa da wayar sifindil, da ingantaccen at, wato wayar ƙasa, a soket.

Lokacin komawa ga manhajar zane

Bayan faranti biyu ko uku da hannu, sai a buɗe Fusion 360 ko FreeCAD. Abin da za a kula da shi shi ne mai fassara, wato ɓangaren da ke rubuta G-kod ɗin daidai da karin harshen injinka. Zaɓi na GRBL. Na wani injin zai fitar da umarnan da GRBL 1.1 bai sani ba: M6 na sauya baki, G41 da G42 na gyaran faɗin baki, G81 da G83 na huda rami. Duk error:20 za su ba ka. Saboda rashin M6, kowane baki da fayil ɗinsa. Ka gama da na farko, ka sauya baki, ka sake saita Z kaɗai, X da Y ba a taɓa su. Sa $1=255 domin motocin su ci gaba da riƙe wurinsu yayin da kake murɗa sifana, in ba haka ba ɗan turi zai gusar da layin ba ka sani ba.

Buɗe kowane fayil da manhaja ta fitar ka karanta layuka goma na farko da goma na ƙarshe. Nemi G21, nemi lambar S da F, ka tabbata Z mafi zurfi bai wuce kaurin kayanka da fiye da 0.2 ko 0.3 ba. Nemi G28 musamman. Umarni ne na komawa wani ajiyayyen wuri da ake ƙirgawa daga sifilin gida, kuma a injin da ba shi da makunnan iyaka, wannan wurin shi ne duk inda baki yake sa'ad da aka kunna wuta, wanda zai iya zama ƙasa da saman katakonka. In injinka ba ya yin $H, shiga saitin mai fassarar ka zaɓi komawa tsayin tsira a maimakon G28, ko ka goge layin da hannu ka sa G0 Z10.0 a gurbinsa.